Karkatacciyar Kujerar Sannu-Sannu

Idan ka bi ta bayan tashar mota, gefen da ake wanki, za ka ga wata rumfar kwano da aka jera kujerun mota a gabanta. Wasu an yi musu tsirara, soso da sifirin duk a waje, wasu kuma sun sha sabuwar leda suna ƙyalli. Mutumin da ke zaune gaban keken ɗinki a ciki, mai furfura a gemu da tef rataye a wuya, shi ne Sannu-Sannu. Ba sai an faɗa maka aikin da ya yi a da ba, dubi hannayensa kawai. Na hagu ya fi na dama baƙi nesa ba kusa ba, don shekara ashirin da takwas ya yi yana jingine da shi a tagar bas rana tana gasa shi.

Sunan ma a jikin mota ya samo shi. A bayan bas ɗin da yake ja an rubuta "Sannu ba ta hana zuwa" da jan fenti, kuma halinsa bai ƙaryata rubutun ba. Matasan direbobi sukan wuce shi fuu suna danna masa hon na tsokana, in an jima sai ya tarar da su a gefen hanya an ɗaga bonet, ya ɗaga musu hannu ya wuce abinsa. Tsofaffi da masu goyo motarsa suke jira ko da za su wuni. Duk tsawon shekarun nan ko kaza bai taɓa takewa ba, kuma ba ya yarda a tashi hira bai faɗi hakan ba.

Abin da hanya ba ta yi masa ba, kujera ta yi masa. Baya ya fara da ɗan tsungule, ya koma ciwo, har wata rana ya sauke fasinja ya ji ƙafarsa ta hagu ba tasa ba ce. Likita ya ɗaga hoton ƙashinsa a haske, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, zaɓi ɗaya za ka yi: sitiyari ko ƙafafunka." Sannu-Sannu ya nemi a sasanta, ko rabin yini ne ya riƙa ja. Likita ya ce shi ba ɗan kamasho ba ne, ba a ciniki da shi.

Haka ya miƙa makulli ga Dogo, abokin tsokanarsa na shekara da shekaru, wanda shi ma ya kwana biyu a hanya. To, a tashar nan akwai wani benci a ƙarƙashin bishiya da ake kira bencin Da-Mu-Ne. Tsofaffin direbobi biyar ne ke wuni a kansa, duk motar da ta fita sai ɗaya ya ce, "Da mu ne, da tuni mun kai." Ranar da Sannu-Sannu ya ba da makulli, babbansu ya buga gefen bencin da tafin hannu ya ce, "Matso, ga wurinka, mun daɗe da share maka." Da wasa ya faɗa, amma maganar ta soke shi har cikin rai. Ya yi dariyar yaƙe ya fita, kuma kafin ya kai bakin ƙofa ya ɗaukar wa kansa alkawari cewa ba zai sake taka tashar nan ba sai da aiki a hannunsa.

Wata bakwai ya yi a gida. Duk wanda ya san direban da aka sauke daga mota ya san abin da maiɗakinsa ta gani. Ya sake wa tukwane wurin zama, wai an yi musu lodi ba bisa ƙa'ida ba. Ya zuba wa duk ƙofofin gidan mai har suka daina ƙara, ta daina jin shigowar kowa. In ta ɗora ruwa sai ya tsaya a kanta yana cewa wutar ta yi yawa, ta rage. In zai sayo sabulu kuwa sai ya yi doguwar kewaya don kada ya bi ta gaban tasha. Ita duk tana lura. Wani lokaci da hantsi takan gan shi zaune a kujerarsa ta falo, ƙafarsa ta dama tana ɗan motsi ita kaɗai, sai tausayinsa ya kama ta ta koma kicin.

Babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya kuma kowa a gidan yake kira Nas, ita ta zo masa da wata takardar sanarwa. Wata cibiya ce aka buɗe a tsohon ɗakin ajiyar kaya, ana koya wa manya sana'a wata shida, kyauta, kuma wanda ya ci jarrabawar ƙarshe a ba shi takardar shaida da kayan aiki.

"Kyauta?" in ji shi. "Ke Nas, ni iskar taya ma ban taɓa samu kyauta ba. Akwai dai wani abu a ƙasa."

"Babu komai a ƙasa, Baba. Suna kawai za ka rubuta."

"Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni da gemuna fari fat zan koma aji?"

Maiɗakinsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Gemu ba ya hana ilimi, Malam. Kuma wallahi ko ka je makarantar nan, ko ni in je in bar maka tukwanen ka yi ta musu lodi."

Ya karɓi takardar yana gunaguni, ya nisanta ta da fuskarsa don ya iya karantawa. Walda, aikin famfo, gyaran waya, wayarin lantarki. Can ƙasa sai ya ga ɗinkin kujeru, na gida da na mota. Ya daɗe yana kallon layin.

"Wannan," ya ce, ya ɗora yatsa a kai. "Ita ta karya mini baya. Sai na farke cikinta na ga abin da ta ɓoye."

Ajin nasu mutum goma sha huɗu ne, kuma ba shi kaɗai ne mai furfura ba. Akwai tsohon maigadi, akwai wani da kantinsa ya rufe, akwai wata mata mai faɗin baki da ta yi shekara ashirin tana buga takardu a ofis har kwamfuta ta zo ta tashe ta. Ita ake kira Tafireta, kuma kekenta na kusa da nasa. Malamarsu kuwa ba za ta girme wa Nas ba. 'Yar siririya ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, amma in ta ɗora tef a kan aikinka ta yi shiru, gara ta zage ka.

Ranar farko da ya hau keken lantarki, sunansa ya ba shi kunya. Ƙafarsa ta ji feda a ƙarƙashinta, ta tuna totur, ta danna. Keken ya yi gurnani, ledar ta fizge daga hannunsa, ɗinkin ya tafi kamar hanyar maciji har ya faɗa gefe. Ƙafar hagu kuwa tana ta lalube a ƙasa tana neman kuloci.

"Baba, birki!" in ji Tafireta. "Wai wa ya sa maka Sannu-Sannu? A dawo mana da sunanmu!"

Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma kunnuwansa sun yi zafi. Malama ta zo ta tsaya a gefensa, ta ce ya sake. Ya sake, ɗinkin ya sake bauɗewa.

"Baba, ina kake kallo?"

"Gaba mana."

"Wane gaba? Bango kake kallo."

Gaskiyarta. Shekara ashirin da takwas ana biyansa don ya hangi nesa, idonsa bai saba da abin da ke ƙarƙashin hancinsa ba. Malama ta ɗauki alli ta ja masa layi a jikin ledar, ta ce, "Ga titinka. Allura ita ce tayarka ta gaba, kada ta sauka daga kwalta." Tun daga ranar ya fara samun kanta. In ya zo kwana sai ya sassauta, ya tsayar da allura a ciki, ya juya ledar da hannu biyu kamar sitiyari. Sau ɗaya ma Tafireta ta rantse ta gan shi yana neman madubi kafin ya sha kwana, shi kuma ya ce sharri ne.

Akwai inda tsohuwar sana'ar ta yi masa rana. Wata safiya yana tsaka da yanka soso ya ɗaga kai ya ce wa Tafireta ta tsaya, kekenta na kukan mai. Ta ce ita ba ta ji komai ba, ya ji da nasa. Ba a yi rabin awa ba keken ya cije. Daga nan duk wanda kekensa ya canza murya sai ya kira Baba ya saurara, ya karkata kai ya lumshe ido ya ce, "Zare ne ya naɗe a ƙasa," a buɗe a tarar haka ne. Ya fara tashi da wuri yana goge takalmi. Maiɗakinsa ta mayar da tukwanenta inda suke tun asali, bai ma lura ba.

A wata na uku aka kawo musu tsofaffin kujerun bas don su koyi kwancewa. Ya sa almakashi ya farke ledar ɗaya, ya tsaya yana kallo. Soson ya mutu ya koma kamar busasshen burodi, sifirin biyu sun karye, wani bakanike ya cusa guntun katako da tsumma ya rufe. Gefen ƙofa ya lotsa ya zama rami.

"A kan irin wannan na yi rayuwata," ya ce a hankali. "Taya nakan duba, mai nakan duba, ruwa nakan duba. Ban taɓa duba abin da nake zaune a kai ba."

Tafireta ta ɗauko sabon soso ta ajiye a gabansa.

Jarrabawar ƙarshe kwana uku aka ba su. Kowa aka ba shi ƙarfen kujerar direba tsirara, da soso, da leda, da gam. Malama ta rubuta awo a allo ta ja layi biyu a ƙarƙashi: tsayin hagu da na dama su zo daidai. Sannu-Sannu ya kalli allon ya yi murmushi. In kujerar falo ce, to, a bi allo. Amma kujerar direba, wa zai koya masa? Ya ajiye tef a aljihu. Sai ya yanka soso ya ɗora, ya hau ya zauna, ya miƙa hannu kamar ya riƙe sitiyari, ya sauko ya ƙara nan ya rage can. Ya hau, ya sauko. Ya fi sau talatin yana haka, har ya zo inda ya zauna ya ji bayansa ya yi shiru, abin da ya shekara bai ji ba. Ya lulluɓe ta da baƙar leda, ya bi ta da jan zare, ɗinki tsaf kamar an ja da rula. Duk ajin aka zo ana kallo. A ransa har ya zaɓi inda zai ajiye kekensa.

Malama ta bi kujerun ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo tasa ta shafa ɗinkin ta gyaɗa kai, sannan ta ɗora tef a dama, ta ɗora a hagu, ta yi shirun nan nata.

"Baba, kujerarka ta karkace. Hagu ya ɗara dama da yatsa biyu."

"Haba Malama! Wannan kujerar? Tef ɗinki dai ya miƙe."

Ta karɓi na Tafireta ta sake aunawa. Yatsa biyu.

"Ni fa na zauna a kanta," in ji shi, murya ta fara hawa. "Daidai take cif. In akwai wanda ya san kujerar direba a ɗakin nan, ai ni ne."

Malama ba ta yi musu ba, ta hau ta zauna. A hankali jikinta ya zame zuwa dama har sai da ta dafa. Tafireta ta hau, ita ma ta zame, ta ce, "Wayyo, a tare ni, zan faɗa kan fasinja!" Tsohon maigadi ya hau, ya zame. Sannu-Sannu ya ture su ya hau da kansa, ya zauna daram kamar an dasa shi.

"Kun gani?"

"Mun gani, Baba," in ji Malama. "Ɗinkinka ya fi na kowa, amma ba zan sa hannu a kan wannan ba. Wanda ya kawo maka aiki gobe ba jikinka zai zo da shi ba. Ina ba ka mako guda ka sake wata, da tef. In ba haka ba babu takarda, babu keke."

Ya cire tef ɗin daga aljihu ya ajiye mata a kan tebur, ya fita ko sallama babu.

Da la'asar ya isa gida yana huci. Ya faɗa kujerarsa ta falo ya zayyana wa maiɗakinsa komai: yarinyar da aka haifa yana kan hanya ita za ta ce masa bai san kujera ba, an haɗa baki ne, dama ya faɗa, abin kyauta ba ya ƙarewa lafiya. Ya gama da makaranta. In bencin Da-Mu-Ne ne rabonsa, to, gobe ma sai ya je ya zauna.

Ta bar shi ya sauke duka. Sannan ta ce, "Malam, wannan kujerar da kake kai, daidai take?"

"Wannan? Ita kaɗai ce kujerar kirki a gidan nan."

"Tashi."

Ya tashi yana harararta. Ta ɗaga kushin ɗin. A ƙarƙashi, gefen hagu, ga wani tsohon tawul an ninka shi huɗu, ya daɗe har ya ɗauki siffar wurin. Ta zare shi ta mayar da kushin, ta ce ya zauna. Ya zauna, nan take ya ji kamar zai tuntsure hagu.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan," in ji ta. "Duk ranar wanki in cire in sa wani kafin ka dawo. Akwai ɗan'uwansa a ƙarƙashin katifa. Rigunanka ma in na kai ɗinki nakan ce wa tela ya ɗan ɗage kafaɗar hagu, don kada ta zubo."

Ta ja shi gaban madubin jikin kabad. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana duba madubi don ya ga na bayansa, ranar ya tsaya ya dubi kansa da kyau. Kafaɗar hagu ta sauka, ƙugu ya bi ta, duk jikin ya jingina ga wata taga da babu ita.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"In ce maka me? Ka karkace garin ciyar da mu? Ai tawul ya fi sauƙi."

Kunya ta kama shi, ga kuma wani daɗi da ya taso masa har idonsa ya ciko, don bai taɓa sanin ana kallonsa haka ba. Ya karɓi tawul ɗin ya juya shi a hannu, ya auna kaurinsa da yatsunsa. Biyu ne cif. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke fitowa tare da hawaye.

"Ashe laifi tudu ne," ya ce. "Na taka nawa ina hango na tef."

"To gobe ka je ka ba yarinyar mutane haƙuri. Kuma mayar mini da tawul ɗina inda yake."

Washegari shi ya riga kowa zuwa. Malama ta tarar da shi a bakin ƙofa, ya ce, "Malama, tef ɗinki lafiyarsa ƙalau, ni ne na karkace." Ta yi murmushi ta buɗe jaka ta miƙo masa nasa, dama ta ajiye masa. Kwana huɗu ya yi a kan sabuwar kujera, bai hau ta ko sau ɗaya ba. In zuciyarsa ta ce ya ɗan gwada, sai ya kira Tafireta ta zauna, ita kuma ta yi ta ba da umarni kamar mai motar. Malama ta auna hagu, ta auna dama, ta sa hannu a takarda. Da ya tambaye ta ko zai iya tafiya da karkatacciyar, ta ce, "Ɗauka, Baba. Duk garin nan kai kaɗai za ka iya zama a kanta."

"Anya kuwa?" in ji shi. Tun daren tawul wani tunani ke masa yawo a ka: shi kaɗai ne ya yi shekaru da gwiwar hannu a taga?

Ranar da aka kai masa kekensa gida, bai ko kwance igiyar ba. Ya ɗora karkatacciyar kujera a baro, ya rataya tef a wuya, ya bi hanyar da ya yi wata goma sha uku yana kauce wa. Yana shiga ƙofar tasha mutanen benci suka hango shi.

"Ga shi nan! Sannu-Sannu ya iso! Mun ce sai dai a daɗe. Har da kujerarka ka taho? Bencin namu bai yi maka ba?"

"Ina zuwa," ya ce, ya wuce su.

Tsohuwar bas ɗinsa na kan layi, rubutun bayanta ya ɗan koɗe. Dogo na saukowa daga ciki, kuma Sannu-Sannu ya tsaya ya kalli yadda yake saukowar: ƙafa ɗaya tukuna, hannu a ƙugu, fuska a yamutse, kafaɗar hagu a ƙasa.

"A'a, tela!" in ji Dogo. "An ce ka koma ɗinkin ɗankwali. Me ka kawo mana?"

"Kawo sifana, sarkin surutu. Cire wancan ramin da kake zama a ciki."

Kafin a gama lodi sun ɗaure ta. Dogo ya kalle ta a kaikaice ya ce ai wannan a buge take, ya hau don a yi dariya. Ya zauna. Ya ɗan motsa, ya kama sitiyari, ya ɗora hannu a taga. Dariyar ba ta zo ba.

"Kai," ya ce. "Kai, Sannu-Sannu."

Mota ta cika ta tashi. Sannu-Sannu bai je benci ba. Ya kifa baronsa a gefen masu wanki ya zauna a kai, yana amsa gaisuwa, kunnensa na bakin ƙofa. Can bayan la'asar ya jiyo injin da ya sani tun kafin ta shawo kwana. Dogo ya yi fakin, ya buɗe ƙofa, ya diro da ƙafa biyu kamar saurayi, sai da ya yi taku uku sannan ya tuna ya kai hannu ƙugu, ya ga babu abin riƙewa.

"Jama'a!" ya ɗaga murya. "Duk wanda ya taɓa mini kujerar nan, ni da shi ne!"

Direbobi suka yi layi suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin hannu suka ƙi saukowa. Wani da bai fi shekara uku da fara tuƙi ba ya hau ya zame dama, aka yi masa ihu. Sannu-Sannu ya ce masa, "Kai miƙaƙƙiya zan yi maka, da tef, don kada ka zama mu." Tun daga ranar haka yake aiki. Ya fara auna kujera yadda Malama ta koya masa, sannan ya tsayar da mai ita ya auna shi shi ma. Wani yatsa ɗaya, wani biyu, wani babu. Kujerun falo da na ofis kuwa Tafireta yake tura wa, don ta buɗe nata shagon, ita ma in direba ya je mata sai ta ce ya tafi wurin ɗan'uwansa karkatacce. Malama takan aiko masa da sababbin ɗalibai su wuni a rumfarsa, kuma abu na farko da yake nuna musu wani tsohon tawul ne da ke rataye a ƙusa.

Amma aikin farko da ya fita daga kekensa ba na mota ba ne. Kwana biyu bayan kafa rumfa, aka ga ya nufo bishiya da wani dogon kushin a kafaɗa. Ya ce wa 'yan Da-Mu-Ne su tashi, ya shimfiɗa shi a kan bencin ya ɗaure. An raba shi gida-gida da jan zare, kowane gida gefen hagunsa ya ɗan ɗaga. Tsofaffin suka zauna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sauke ajiyar zuciya, aka ɗan jima ba wanda ya ce da mu ne.

Babbansu ya ƙirga da sandarsa. "Mu biyar ne, ka yi gida shida. Ashe dai ka ajiye wa kanka wuri."

"Na Dogo ne," in ji Sannu-Sannu, yana naɗe tef ɗinsa. "Amma ku sa masa ido kawai. Da kujerar da na yi masa, sai kun jira shi shekara ashirin."

Daga can rumfa wani ya ƙwala masa kira, an kawo kujeru biyu. Ya ɗaga musu hannu ya juya, kafaɗa ɗaya a ƙasa, yana tafe a hankali yadda ya saba.